Furen Hurumin Ciyawa

Muna fitowa daga coci Demeke ya sha gabana. Wata uku yana nemana ina ƙi.

"'Yar boko, wa ya ba ki wannan?"

Ya nuna ɗan shuɗin furen da na soke a kallabina. Ko girman farce bai kai ba.

Baba ya juyo. Shi ke gadin hurumin ciyawar jinka da ke kan dutse, wanda dattawa suka rufe shekara uku. Duk wanda ya taka ciki, sansa za a yanka.

Shekara goma ina karatu a Addis Ababa. Na manta cewa a wajenmu furen nan bakin maɓuɓɓugar cikin hurumi kaɗai yake fitowa. Saurayina Wondimu ne ya ba ni jiya. San nomansa ɗaya tak. Manomin da ya rasa sa kuwa birni yake tafiya dako, ba ya dawowa.

Na matso gaban Baba.

"Ni na tsinko," na ce.

"Ke?" in ji Baba. "Da waɗannan takalman?"

"Ban san iyakar ba..."

"To faɗa min, Tiruye. A rana yake fitowa ko a inuwa?"

"A... rana."

Demeke ya tuntsire da dariya.

"A inuwar dutse, Baba, inda ƙasa ke jiƙe." Wondimu ne daga bayana. "Ni na shiga."

"Yi shiru," na ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah, masoyina..."

Ko kallona bai yi ba.

"Ciyawa ka yanka?" Baba ya tambaye shi.

"A'a."

"Dabba ka bi?"

"A'a. Cewa ta yi rabonta da furen shekara goma."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Doka ba ta san fure ba."

Kafin rana ta karkata aka yanka san, aka raba gida-gida. Demeke har da neman a ƙara masa hanta. Ga huɗa saura sati biyu.

Kwana uku, duk motar da ta tashi a kasuwa sai na leƙa in ga ko Wondimu na ciki.

Rana ta huɗu Baba ya kwance jan sanmu, ya miƙo min igiyar.

"Kai wa wancan wawan."

"Baba... ai ba a ba bare aron sa da damina."

"Ni za ki koya wa?" Ya juya ga tukunyar tabarsa. "Ki ce ya turo dattawansa ranar Asabar. Kuma su biyo ta hanya, ba ta hurumi ba."