Randar Irin Kafin Buba

Washegarin ruwan farko, Maigari Ɗanbala ya fasa lakar da ke bakin randar iri a gaban jama'ar Kafin Buba. Ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da toka zalla.

Ɗan sanda Kofur Badaru ya iso daga Gwaram a kan babur yana mitar ƙarar ba ta kai a ƙona mata mai ba. Sai da ya ga dattawa sun yi jugum kamar gidan makoki ya shiga taitayinsa.

"Ranka ya daɗe, dawa ce fa. Ga ta nan jibge a kasuwa."

"Ba irin wannan ba," in ji Maigari. "Kakanmu Buba makiyayi ne. Shanunsa suka ƙare a nan, ya zauna ya shuka dawar da ya zo da ita. Jan kara gare ta. Kowace damina kowane gida yakan ɗibi tafi guda, da kaka ya mayar. Bara ambaliya ta shafe gonaki. Abin da ke randar nan shi kaɗai ya rage mana a duniya."

Badaru ya duba ɓaraguzan lakar. Hawa-hawa take, tsohon liƙi a ƙasa, sababbi a kai. An sha buɗe randar ana rufewa ke nan.

Ya fara da Sabo, mai kai hatsi kasuwar Birnin Kudu.

"Yallaɓai, ni da zan sata, buhu zan kawo in kwashe dare ɗaya. Ina ni ina tankaɗe toka in mayar, har in zauna kwaɓa laka?"

Ko ba a son Sabo, maganarsa ta zauna. Mai injin niƙa ma ya rantse ba a taɓa kawo masa tsaba mai toka ba.

Sai bakin gari ya koma kan Musbahu, wanda ake kira Ɗan Italiya. An ji shi yana roƙon a ba shi irin ya aika can.

"Na roƙa, an hana ni, na haƙura," in ji Musbahu. "Ƙauyen da na yi ƙwadago a kan tudu yake, gidajen dutse, ga inabi ga zaitun. Shi ma mutum ɗaya ya kafa shi, kuma suna da tasu tsohuwar alkamar da suke ji da ita. Amma samari sun watse birni, makaranta ta rufe, saura tsofaffi suna shan hantsi a ƙofar coci. Maigidana ya tara iri a kwalabe, ba mai shukawa. Na ce ko namu ya samu ma'ajiya idan garin nan ya bi sahu."

"Yaushe ka dawo?"

"Makon jiya."

Sababbin liƙin sun girmi dawowarsa. Badaru ya sallame shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ga ƙasa ta jiƙe, kwana kaɗan shuka za ta wuce, kuma ko ya kama ɓarawo bai ga yadda zai cika randa ba.

Ya zaga bayan gidaje don ya huta da idon mutane. Ko'ina ƙasa tsirara, ciyawa ba ta fito ba tukuna. Sai a bakin wani magudanar ruwa ya ga tsiron dawa ya kai taƙi, gindinsa ja, kewaye da busasshiyar toka.

"Gidan wa ne?"

Maigari ya ce, "Na yayata, Kulu. Ita ke cuɗa irin da toka duk shekara."

Suka same ta a gindin turmi, jikoki uku sun kewaye ta. 'Ya'yanta biyu sun bi hanyar Libiya suna neman inda Musbahu ya je, tun daga nan ba labari.

Badaru ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, baƙon ɓarawo ba ya liƙe randa. Wanda ya liƙe ta, hannunsa ne ya saba, yana tsoron ƙwari su shiga ko da shi yake ɗiba. Ba a kai inji ba, a turmi aka daka. Kafin a daka sai an wanke toka, ruwan wankin kuma ya tafi da 'yan ƙwayoyi bayan gidanki. Ruwan jiya bai isa ya tsirar da su haka ba."

Kulu ba ta yi musu ba.

"Tafi guda na fara ɗiba, na ce da kaka zan mayar. Yunwa kuwa ba ta san kaka ba."

"Yaya, me ya hana ki faɗa mini?" in ji Maigari.

"Ni na share maka rumbu bara, Ɗanbala. Na san abin da ke ciki."

Maigari ya fita bayan gida, ya tsuguna yana kewaye 'yan tsiron da ƙaya kada awaki su gama da su. Duk tarihin gari bai cika tafin hannu ba.

Badaru ya ji ankwar da ke ƙugunsa ta yi masa nauyi. Bai taɓa tsanar aikinsa irin yau ba. Ya miƙe zai tafi, Kulu ta riƙo bakin wandonsa.

"Ka tafi da ni, ɗan nan, na yarda. Amma ka haɗa da yaran. Na ji an ce a gidan yari ana ba da abinci."