Sawun Baba a Tsakuwa

Ranar da Zahraddeen ya fara ganin Walida, a tsakiyar aikinsa take tafiya. Lambun duwatsu yake kula da shi, irin na Japanawa, a bayan wani otal kusa da unguwar Lembah Pantai. Farar tsakuwa ce da duwatsu bakwai, babu ko ganye. Kullum da safe yakan ja manjagara yana tafiya da baya, layukan da take zanawa kamar igiyar ruwa suna binne sawunsa.

"Malama, kin taka min teku," ya ce a hankali.

Ta dubi ƙafarta. "To ina ruwan?"

"Sai kin zauna shiru zai zo."

Ta zauna. Ya ce ta ƙirga duwatsun, ta samu shida. Ta canja wuri, shida dai. Haka aka jera su, in ji shi, duk inda mutum ya tsaya sai ɗaya ya ɓuya.

Daga nan kusan kullum sai ta turo saƙo: "Mai tekuna, ka yi makan? Kar ka ce eh, na san ka. Ina tafe da tapau." Makan cin abinci ke nan a yaren garin, tapau kuwa ƙunshin abinci.

Mahaifinta Dakta Abdulgani malamin jami'a ne, ya kuma riga ya zaɓa mata ɗalibinsa Fa'iz. Wata uku tana roƙo kafin ya yarda zai je ya ga Zahraddeen.

Da ya zo, ta cikin tsakuwar ya ratso. Zahraddeen ya durƙusa ya gaishe shi.

"Lambu ba shuka? Da wannan za ka riƙe min 'ya?"

"Da yardar Allah, Baba."

Dakta ya yi kamar ya fara saukowa. Ya juya zai tafi. Hannun Zahraddeen da ya saba ya ɗauki manjagara, ya hau rufe sawun. Dakta ya waiwayo.

"Tun ban fita ba kake share sawuna?"

"Baba, wallahi aikin ne..."

"Na ji. Ba zan ƙara taka inda kake ba."

Sau uku Zahraddeen ya je ban haƙuri, ba a buɗe masa ƙofa ba. Walida kuwa ta ce in ba shi ba, ta haƙura da aure. Da mahaifiyarta ta matsa, Dakta ya ce ƙaninsa Kalilu ya bayar da ita. Bai hana ba, ba kuma zai je ba.

Aka ɗaura auren a wani masallaci a unguwar Kampung Baru bayan Juma'a. Ana cikin addu'a saƙonta ya shigo: "Angona, Baba ya zo?" Ya duba sahu-sahu, babu Dakta.

Bayan sati suka zauna a bakin lambun. Ta ƙirga.

"Shida."

"Na bakwai yana nan, amaryata."

"Na sani. Ganinsa nake so."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baba.