Tanti Mai Rufi Biyu

Ranar da Garzali ya fara shiga shagon, ba a daɗe da buɗe Sanaiya, unguwar leburori 'yan ci-rani a can ƙasar Larabawa, daga kullen korona ba. Ya shigo rungume da wata tsohuwar jaka da zif ɗinta ya mutu, an ɗaure ta da igiyar shanya.

Nasiratu tana can ƙurya a kan keken ɗinki. Shagon na kayan fita sahara ne, tantuna da jakunkunan goyo da ragar lilo ta kwanciya, ita kuma aikinta gyaran abin da ya yage. Ba ta son magana da baƙi. Amma ranar Abass, abokin aikinta, yana gida a killace, dole ta taso.

"Jaka nake so," in ji shi. "Wannan Gana-mas-go ɗin ta gaji."

Ta dubi ƙasa. Takunkumi ya rufe mata rabin fuska, muryarta da ƙyar ta fito.

"Mu dai ba mu tafi ko'ina ba. Ga mu nan."

Ya yi sororo, sannan ya gane 'yar Gana ce, 'yar Zangon Kumasi. Ya yi dariya kaɗan, irin ta wanda ya kwana biyu bai yi ba. Daga baya ya gaya mata cewa a kullen nan motar asibiti ta ɗauki maƙwabcin gadonsa, ba a dawo da shi ba.

Ya miƙa hannu ga jakar da ta fi kowacce girma. Ta girgiza kai.

"Wannan ya yi maka tsawo. Wancan ya fi. Ka ɗaure bel ɗin tukuna, nauyi a ƙugu yake zama, ba a kafaɗa ba."

"Ya fi? Jaka fa mace ce a garinmu."

"A garinmu ba mu tambaye shi ba."

Tun daga ranar ya riƙa samun dalilin dawowa. Yau maɗauri, gobe zif. Mai gadi ne, ɗan Jigawa, daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Ta sa masa suna Mai Goyo, shi kuma yana ce mata Idona, don ya daɗe bai san komai na fuskarta ba sai idanu.

"Idona, yau na tsaya a rana tun safe. Da na tuna ki sai na ji kamar an kunna fanka."

"Mai Goyo, ka sha ruwa. Fanka ba ya maganin ƙishi."

Nasiratu marainiya ce. A hannun kawunta Sayibu take, direba ne a wata gona a Umm Salal. Da Garzali ya je gaishe shi, Kawu bai ko ɗaga kai daga butar shayi ba.

"Ina za ka ajiye ta?"

"Ina gina ɗaki a gida, Baba. An kai linta."

"To ka gama. Ranar da ka sa ƙofa ka dawo. Kafin nan ba waya, ba saƙo. Ga Abass nan ɗan Zangonmu, na san uwarsa, na san gidansu. Kai ko sunan garinku ban iya faɗa ba."

Suka bi umarni. Watanni suka wuce shiru. Gari ya cika da tutocin gasar kofin duniya, aka mayar da Garzali gadin filin wasa na Al Thumama. Abass kuwa kullum yana gefen kekenta.

"Ke kina nan kina jira. 'Yan Nijeriyan nan kowanne da matarsa a gida. Ɗakin da yake ginawa, kin tambaye shi na wace ce?"

Takan ci gaba da ɗinkinta. Amma maganar tana zama.

A ƙarshen daminar shekarar kofin, sai ga Garzali a bakin shago. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai ce Idona ba, bai ma dube ta sosai ba.

"Tanti nake so. Babba, wanda zai ɗauki mace da yara. Da raga guda, ta ƙaramin yaro. Gida zan aika."

Kafin ta yi magana wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, ana jinta sarai.

"Yara sun dame ni, wai yaushe Babansu zai aiko da ɗakin?"

"Ki ce musu Baba yana kasuwa yanzu haka, Kausar. Ki ba su haƙuri."

Abass ya yi tari a bayan teburin ciniki, ya dubi Nasiratu.

Garzali ya nuna wani tanti ruwan ƙasa mai manyan tagogi. Nasiratu ta san shi ciki da waje. Na sahara ne, rufinsa ɗaya, an yi shi don iska ta ratsa, ba don ruwan sama ba. Na kusa da shi kore ne mai rufi biyu, an liƙe bakin ɗinkinsa, ƙasansa ya tashi kamar tasa. Ta san damina ake yi a Nijeriya.

"Wannan zai yi?" ya tambaye ta.

Ta ɗaga kai alamar e, ta naɗe masa. Da ya fita ta koma kan keke, ta kasa zura zare a allura.

Bayan mako biyu saƙonsa ya shigo, na farko tun hukuncin Kawu.

"Ki yafe mini, na karya umarnin Baba. Ranar nan kunya ce ta hana ni magana. Ruwa ya ci garinmu. Ɗakinki da na gama, har ƙofa na sa, ya tafi. Yayana Dikko ya koma ɗauko awaki, bai fito ba. Matarsa Kausar da 'ya'yansa da Innata suna kan tudu, yanzu ni ne Babansu. Tanti ya isa, na gode da kika taya ni zaɓe. Sai dai ruwa ya fi ƙarfinsa. Geron da suka tsamo ya jiƙe ya tsira. Auta, ƙaramin, sanyi ya kama masa ƙirji, yana asibiti. Ki sa mu a addu'a."

Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Godiyar ce ta fi yi mata ciwo.

Ta rubuta ta goge har hannunta ya yi sanyi, sannan ta tura.

"Ruwa bai fi ƙarfin tanti ba. Na san ba na ruwa ba ne. Na ji muryar mace na ɗauka matarka ne, na yi shiru. Ni na jiƙa Auta."

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Washegari ta roƙi mai shago ragowar tamfol ɗin da ake zubarwa. Ta san awon tantin da ka, rufi na biyu za ta ɗinka masa. Ta yanka, ta haɗa, ta ninka kowane ɗinki sau biyu ta liƙe shi, ta yi masa kunnuwan igiya. Allura ta huda mata yatsa, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Abass ya zo zai yi magana, ta ɗago ta dube shi, ya koma.

Ta kai ƙunshin gaban Kawu Sayibu yana wanke mota.

"Kawu, ka kai mini wannan wurin masu kargo."

"Mene ne? Na wa?"

Tunda take ba ta taɓa yi masa magana mai tsawo ba. Ranar ta faɗa masa komai, da ɗakin, da Dikko, da abin da ta yi. Ya saki soso cikin bokiti.

"Ya sa ƙofa?"

"Ya sa, Kawu."

"Kuma bai zo ya faɗa mini ba."

"Me zai nuna maka?"

Kawu ya daɗe yana kallon ƙunshin. Ya ɗauka ya sa a bayan mota.

Aka fara wasan kofi. Gari ya rikice da ganguna da baƙi, shago ya cika da masu neman tantin kwana. Duk wanda ya taɓa ruwan ƙasan nan sai Nasiratu ta ce, "Ba na ruwa ba ne," ko bai tambaya ba. Ranar da Gana ta buga, 'yan Zango suka yi ta ihu a titi, ita tana duba wayar da ba ta motsa ba.

Bayan an ɗaga kofi aka fara sallamar masu gadi. Wata rana da hantsi ta ga inuwa a kan kekenta. Garzali ne, da jakar da ta zaɓa masa a bayansa.

"An sallami Auta," in ji shi. "Yana tari, amma yana ci."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Na yi fushi, Nasiratu. Duk tarin da na ji a waya sai na tuna ke. Na so in zo, na kasa. Ko da rufinki ya isa, damina ta wuce. Amma sanyi ya shigo, shi ne ya tare musu iska. Inna ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce wadda ta yi wannan ba ta yi shi da wasa ba."

"Ka yafe mini?"

"Ni ma da na buɗe baki ranar, da ba a yi haka ba. Kwantiragi ya ƙare, gida zan koma. Ba ni da ɗaki. Tanti ne da marayu da ƙasar da za a sake kwaɓawa. Ba zan ce ki zo ba."

"To ni na ce."

Ya dube ta.

"Shekaranjiya Baba Sayibu ya same ni a bakin fili," ya ce a hankali. "Ya ce ɗaki ya nema, na gina, sauran na Allah ne. Ya ce in tambaye ki, wai yanzu kin iya magana."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Umm Salal. Ba kiɗa, ba taro, dabino ne da shayi. Kawu Sayibu ya ba da ita, ya faɗi sunan garin su Garzali daidai. Aka yi wa Dikko addu'a kafin a yi wa amarya da ango. Inna ta sa albarka ta waya, ana jin iska tana kaɗa tamfol a bayanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya rufa muku asiri kamar yadda kika rufa mana."

Da za su tafi, Nasiratu ta zaɓi koren tanti mai rufi biyu, da jakar goyo daidai tsawonta. Ta raba kayan, sanduna da turaku a tasa, rufin a tata. Ta zagaya bayansa ta ja masa bel ɗin ƙugu.

"Idona," ya ce, "jakan nan ya yi nauyi."

Ta ɗaga tata ta goya.

"Ta yi nauyi, Mai Goyo. Yalla, mu je."