Baƙon da Ta Nuna wa Gida

Gab da magariba aka bar ta ita kaɗai a tashar karɓar hotuna, tana jiran saƙon ƙaramin tauraron ɗan'adam da ke ɗaukar hoton ƙasa. Aikinta auna tsayin gine-gine ta tsawon inuwarsu, har abokan aiki suka laƙa mata Mai-inuwa.

Doka ɗaya tsohon injiniyan wurin ya kafa: kada kowa ya saita idon tauraron kan gidansu. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ba mu kaɗai ke leƙe daga sama ba." Kowa dariya yake masa, ita ce ma kan gaba. Amma ranar ta baro Ummarta da zazzaɓi, hankalinta ya ƙi kwanciya, tun da safe ta saita shi kan gidansu.

Hoton ya sauko. Ga rufin kwanonsu, ga igiyar shanya, ga Umma kamar ɗigo kan tabarma a tsakar gida. Komai da inuwarsa, ban da Umma. A gefenta kuwa wata inuwa ce zanƙaleliya, ta haye katanga, babu mai ita.

Fankar na'ura ta tsaya cak. Warin ƙonanniyar waya ya cika ɗakin.

Ta kira gida.

"Umma, wa ke tare da ke?"

"Baƙonki mana," ta amsa ƙasa-ƙasa. "Ya ce ke kika nuna masa gidan."

Ba ta san yadda ta kai unguwarsu ba. Ƙofa a buɗe. Warin nan ya riga ta isowa. Umma na zaune, fuska sama, ido ba ƙiftawa.

Wani numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarta.

Ba ta waiga ba. Ta sungumi tsohuwar, ta ji ta sakayau kamar buhun auduga, ta yi waje tana addu'a. Ƙofar ta rufe kanta a bayansu.

Sun bar gidan. An yi asibiti, an yi addu'o'i har an gaji. Umma tana ci tana sha, amma ba ta ƙara gane ta ba, kuma abin da ke cin ranta ke nan. Kullum in ta durƙusa za ta ba ta magani, sai tsohuwar ta damƙi hannunta.

"Baiwar Allah, ki taimake ni," take cewa. "In kin ga 'yata, ki ce mata har yanzu ina cikin gidan can."