Tantabarun Kejin Baya

Da hantsi Hajiya Hajara ta iso komisariya, ofishin 'yan sanda, tana janye da maigadinta, Ɗanƙarami, tsoho mai shekara sittin da wani abu. An sace mata fararen tantabaru shida a gidanta na Zango, kuma ta riga ta yanke hukunci tun daga gida.

"Shi ne, Sufeto. A rufe shi."

Tsohon hawaye kawai yake. Shekara ashirin yana gadin gidan, yau an kira shi ɓarawo a gaban jama'a.

Sufeto Hamisu ba mai gaggawar rufe mutum ba ne. Ya bi su gidan. Babban keji cike yake, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ƙaramin da ke bayan ɗaki ne wayam.

"Me ya sa aka ware na wannan kejin?"

"Ciwon ido gare su," in ji Hajiya. "Likita ta ce a raba su."

"Baba ya sani?"

"Shi ke sa musu pomad, maganin shafawa a ido, safe da yamma."

Sufeto ya dube ta. Wanda ke shafa wa tsuntsu magani, ya tsallake lafiyayyu ya kwashi marasa lafiya?

Ya wuce wurin Lubabatu, likitar dabbobin.

"Ciwon yana yaɗuwa," ta ce. "Idon ya kumbura, ya yi ta ruwa, tsuntsun ya dinga goga shi a kafaɗar fiffike. In aka haɗa su da wasu, kwana kaɗan ne."

Sai Sufeto ya roƙi Hajiya ta yi haƙurin mako guda. Ta yi, tana tsaki.

Ran kwana na shida Lubabatu ta kira shi. Wani Lawan, mai kiwon tantabaru a layin Hajiya, ya zo neman magani, amma ya ƙi kawo tsuntsu a duba.

Sufeto ya tarar da shi tsugune gaban keji. Rabin tantabarun ido a rufe, biyu sun mutu.

"Waɗancan jajayen shida fa?"

"Daga Kano na sayo su, ranka ya daɗe."

Sufeto ya kamo ɗaya ya ɗaga fiffike. A kafaɗa, inda ruwan ido ya jiƙa, galura ta wanke, farin gashi ya fito fes.

"A Kano ake rina su?"

Lawan ya zauna daɓas.

"Ta katanga na hango an ware su, ana ta lallaɓa su. Na ɗauka su ne masu tsadar. Wallahi na cuci kaina."

Da aka fito da shi da ankwa, Hajiya tana ƙofar gida, ta kasa haɗa ido da kowa.

"Baba, ka yafe mini," ta ce wa tsohon.

"Na yafe, Hajiya," in ji Ɗanƙarami. Ya miƙa mata makullan gidan da ragowar pomad. "Sau biyu a rana ake sa musu. Ni na gama gadi."