Muryar Hafsa a Wayar Kowa

Hafsa ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Shinkafa na ƙonewa a kan wuta, ita tana kai da kawo a tsakar gidansu na Anka, saboda Almustapha, wanda za ta aura, ya kawo mata labari mai ɗaci. Mahaifiyarsa, Inna Hajara ta Dareta, ta rantse ba za a kawo mata surukar da muryarta ke cikin wayar kowane ƙato mai haƙar zinari ba. Ko ta goge, ko a fasa.

To ina laifin baiwar Allah? Malamar jami'a ce, binciken digirinta na uku ke nan: saƙon murya a waya, mai gargaɗin waɗanda ba su iya karatu ba game da gubar dalma. Ta yi kuka har ta gode Allah, don tana son Almustapha, tana kuma son aikinta.

Washegari ta hau babur sai Dareta. Ta durƙusa, ta roƙi Inna ta saurara ko sau ɗaya ne, in ta ce a goge, za a goge. Inna ta kawar da kai, amma kunnenta na nan. Hafsa ta kunna saƙon, muryar ta ce a guji sarrafa ma'adinai a muhallin ƙananan yara.

“Mi an nan muhalli? Ke ɗiyag ga, wa ka magana haka garin ga?”

Hafsa ta warware mata maganar da Hausar gida. Sai ga hawaye a idon Inna. Ashe autanta Haladu na cikin yaran da gubar ta kashe, kuma a turminta aka daka dutsen zinarin da ke ɗauke da gubar.

“Da an gaya min da Hausata, da shina nan da rai. Miƙo min abin nan.”

Hafsa ta danna wurin naɗar murya, Inna ta kama wayar da hannu biyu. “Mata, ni ce Hajara. Kada ku bari a daka dutse inda ɗiyanku ka rarrafe. Ni na bari, na rasa autana.”

Bayan sallah aka ɗaura aure. Hafsa ta gane mai son a ji shi, sai ya yi haƙuri ya fara durƙusawa ya saurara. Da ta yi fushi ta zauna a Anka, da ta rasa miji, matan Dareta kuma su rasa gargaɗin.