Kujerar Matar Auta

Tana cikin goge wa mijinta Auta riga a falo ya shigo da fayil a hammata, fuska ba yabo ba fallasa.

"Baba ya ce gobe ki shirya. An ba ki kujera cikin daraktocin kamfani."

Ta ajiye dutsen guga. "Ni? A kamfanin sabulun da shekara talatin mace ba ta taɓa leƙa ɗakin mitin ba?"

"Sababbin masu hannun jari ne suka kafe sai da mace. Amma don Allah, 'Yar Tambaya, ki zauna kawai. Yaya ya ce ki sa hannu, ki yi murmushi, shi ke nan."

Tun suna jami'a, inda ta karanci haɗa sinadarai, ya laƙa mata sunan, don ba ta iya ganin abu ta wuce.

Washegari ta tarar da maza bakwai kewaye da dogon tebur: surukinta a kujerar ciyaman, sai ƙannensa da 'ya'yansa. Ta zuba ido tana mamaki. Ashe haka ake mitin? Yaya, babban wan mijinta, yana karantawa, tun bai kai aya ba an ce, "Mun amince!" Har aka zo kan cinikin da ke ta ja baya tun da aka sauya sinadarin sabulu.

"Matan yanzu ne ba sa son wanki," in ji Yaya. Aka kwashe da dariya.

Ta ɗaga hannu. "Baba, ku gafarce ni. A cikinmu wa ya taɓa wanki da sabon sabulun? Kuma wa ke kawo mana sinadarin?"

Surukin Yaya ne ke kawowa. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Kafin la'asar magana ta isa gida. Uwar miji ta kira Auta ta wanke shi tas: "Lauya ka auro mana? To, ko ta bar kujerar ko ta bar gidanka!"

Kwana uku bai ci abincinta ba. Ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta rama ba, ba ta kuma janye ba.

Rana ta huɗu ta ji ƙarar ruwa a tsakar gida. Ta leƙa — Auta ne tsugune gaban baho yana cuɗa zanin gado!

"Ikon Allah! Me kake yi?"

"Tambayarki ce ta hana ni sakat. Amsa nake nema."

Mako guda yana wanki. Ranar da aka koma mitin ya miƙe ya shimfiɗa hannuwansa gaban mahaifinsa, sun yi jawur, duk sun saɓule.

"Baba, ga abin da muke sayar wa iyayen mutane."

Tsohon ya daɗe yana dubawa, sannan ya nisa. "Mata ke sayen kayanmu, ba mu taɓa jin ta bakinsu ba. Kai babba, daga yau ba dangin da zai karɓi kwangila sai an faɗa a teburin nan. Ke kuma 'yata, nemo mana mace ta biyu, mai baki irin naki."

Da yamma uwar miji ta zo da man shafawa, ta damƙa mata. "Ungo, shafa wa mijinki. Ki yafe ni, 'yar nan."

Haƙuri ba shiru ba ne. Faɗin gaskiya ne da ladabi, a kuma jure abin da ya biyo baya. Gida ko kamfani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.